Ra'ayinmu: Kwalba ko kwamfuta? Makaɗan jitar Khartum da Omdurman su yi lissafi kafin su sayi kaya

Tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025 jama'a ke ta komowa gida, kuma kowa da irin abin da ya tarar. Cikin waɗanda suka tarar da ɗaki wayam akwai makaɗa. An kwashe jita, an kwashe lasifika, wayoyin ma an fige su saboda jan ƙarfen da ke ciki. Yanzu biki ya fara dawowa sannu a hankali a Karari da Sawra da wasu unguwannin Omdurman, samarin da ke cin abinci da kiɗa kuma, har da 'ya'yanmu, suna neman kayan aiki daga tushe. A nan ne wata tsohuwar gardama ta taso: amfilifaya mai kwalba za a nema, ko kuwa 'yar na'urar dijital mai kwaikwayon muryarsa?

Wani zai ce mene ne na ɓata tawada a kan wannan alhali mutane na neman ruwa da wuta. Amsa ita ce kuɗin da za a kashe ba na wasa ba ne. Sau da yawa guminsa na wani yaya ne da ke aiki a Jidda ko Alkahira, ko kuma 'yan kunnen uwa ne aka kai kasuwa. Idan aka sayi abin da ba zai yi aiki ba, gida guda ne ya yi asara.

Bari mu fara da bayanin kayan, domin iyayen da za su fitar da kuɗin su san abin da ake nufi. Jitar lantarki ba ta da murya ita kaɗai, sai an haɗa ta da amfilifaya. Na dā yana aiki ne da wasu kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila, irin na tsohuwar rediyo, waɗanda sai sun yi zafi kafin sauti ya fito. Idan makaɗi ya taɓa tsirkiya a hankali muryar ta fito garau, idan ya danna da ƙarfi ta ɗan dushe cikin daɗi. Wannan amsawar ce masoyansa ke mutuwa a kai. Vox AC30 na Ingila da Fender Twin Reverb na Amurka, wanda ya fito a 1963, su ne mashahuran wannan gida. Ita kuwa na'urar dijital kwamfuta ce ƙarama da aka koya wa lissafin yadda kwalaben ke juya sauti. Kamfanin Line 6 ya yaɗa ta da POD a 1998, Kemper na Jamus ya zo a 2011 da wadda ke sauraron amfilifaya na gaske ta ɗauki hoton muryarsa, yau kuma akwai manhajar kyauta mai suna Neural Amp Modeler da ke yin wannan aikin a kan kwamfutar tafi-da-gidanka.

Masu son kwalba suna da hujja, kuma hujjar tasu ta shafe mu kai tsaye. Lokacin da aka buɗe Rediyon Omdurman a 1940 ba a ma ƙirƙiro taransisto ba, sai a 1947. Ke nan muryar A'isha al-Fallatiya, 'yar Hausawan nan da ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon, ta cikin kwalba ta isa kunnen kakanninmu. Sharhabil Ahmad, haifaffen Omdurman da ake wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan, wanda tsofaffin ɗalibai suka sani da zanensa a mujallar yara ta Al-Sibyan, shi da matarsa Zakiya sun kafa jitar lantarki a ƙasar nan a zamanin da kwalba ke mulki. Bayansu ga su Kamal Keila da ƙungiyar Scorpions. Kamfanin Habibi Funk na Berlin ya sake fitar da waƙoƙin Keila da na Scorpions a 2018, na Sharhabil kuma a 2020, duniya ta saurara ta yi mamaki. Don haka yaron da ya ce yana son irin wannan murya bai yi wauta ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Amfilifaya mai kwalba abu ne da ake gyarawa. Mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai buɗe shi, ya bi waya da ido, ya canza abin da ya ƙone, ya dalaye, ya rufe. Shi ya sa na shekara hamsin ke aiki har yau. Na'urar dijital kuwa in ƙwaƙwalwarta ta mutu, yawanci sai dai a rungumi sorry, don ba kowane mai gyara ke iya taɓa ta ba, kamfanin ma bayan wasu shekaru ya daina kula ta.

Duk da haka, ra'ayinmu shi ne: wanda zai sayi kayan neman abinci a Khartum ta yau, ya sayi dijital. Ga dalilanmu.

Na farko wuta. Kowa ya ga yadda hare-haren jirage marasa matuƙi a kan tashar Marawi da tashoshin Omdurman a 2025 suka jefa jiha guda cikin duhu, ga kuma taransfoma da wayoyin da aka sace a unguwanni. Biki yanzu da janareta ake yi ko da sola. Twin Reverb na shan wuta sama da wat 200, kuma kwalba ba ta son wutar da ke hawa tana sauka. Ƙaramar na'urar dijital kuwa abin da take sha bai taka kara ya karya ba, wasu ma da batirin cajin waya suke tashi. A ƙara da zafin watan Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar habub da ke shiga kowace kafa, sai a ga irin wahalar da akwati mai zafin kansa zai sha.

Na biyu kwalaben kansu. Twin Reverb guda yana ɗauke da kwalba 10, kuma manyan cikinsu suna gajiya kamar yadda tayar mota ke cinyewa. Masana'antun da suka rage suna ƙera su a duniya 'yan kaɗan ne: akwai ta Saratov a Rasha, akwai JJ a Sulobakiya, sai wasu a Sin. A watan Maris na 2022, da yaƙin Yukiren ya taɓa fitar da kaya daga Rasha, makaɗan Amurka da Turai ma sai da suka shiga rububi, farashi ya yi sama. To ina ga mai kiɗa a Umbadda, wanda kasuwar da ya saba zuwa ta ƙone?

Na uku nauyi, kuma wannan darasi ne da yaƙi ya koya mana da bulala. Twin Reverb ya kusa kilo 30. Kamfanin Fender da kansa ya fitar da na dijital mai kama da shi a 2019, nauyinsa kusan rabi. Na ƙasa wanda ake takawa da ƙafa kuwa cikin jakar goyo yake shiga. Ranar 15 ga Afrilu 2023 da kwanakin da suka biyo baya, wa ya tsaya ɗaukar akwatin kilo 30? Wanda sautinsa ke cikin jaka ya isa Madani ko Bur Sudan ko Alkahira da sana'arsa a hannu. Wanda nasa ke cikin akwati ya bar wa ɓarayi.

Batun daɗin murya kuwa, gaskiya ratar ta matse ƙwarai. Ƙungiyar Metallica, da ke da kuɗin sayen kowane irin amfilifaya a duniya, ta fi shekara goma tana hawa dandali da na'urar Axe-Fx. Balle a filin biki, inda sauti ke fita ta lasifikar haya, ga guɗa, ga kukan janareta. Babu gwaggon da za ta bar rawa ta ce wannan ba kwalba ba ce.

Sai dai shawarar tamu tana da sharuɗɗa, don kayan aro ba ya rufe katara. Yawancin manhajojin nan ba sayar maka ake yi ba, izinin amfani ake ba ka, wasu kuma sai ka biya duk wata da katin banki na waje, ko su nemi intanet kafin su buɗe. Mu da muka rayu ƙarƙashin takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017 mun san yadda shafi ke rufe ƙofa da zarar ya ga sunan Sudan. Mun kuma ga an ɗauke intanet sama da wata guda a 2019, an sake a Oktoban 2021, an kuma sake a Fabrairun 2024. Saboda haka a sayi na'urar da ke aiki ita kaɗai ba tare da intanet ba, a kwafe saitunanta a ajiye a filashi, a haɗa ta da sitabilaiza. Mai aiko da kaya daga Amurka kuma ya duba ko na wuta 120 ne, domin tamu 230 ce.

Sharaɗi na biyu ya shafi kunne. Sautukan da ke zuwa a shirye cikin na'urorin nan an tsara su ne don kiɗan rok na Turawa, masu gurnani da amsa-kuwwa. Jitar Sudan ba haka take ba. Tana tafiya ne a kan ma'aunin nan mai sauti biyar, siririya, tsaf, tana amsa wa mawaƙi kamar yadda garaya ke yi. Mun riga mun ga abin da ogan ya yi wa bukukuwanmu, inda mutum ɗaya da maɓallansa ya maye gurbin masu goge da masu ganga, kamar dai yadda fiyano ya ture kalangu a situdiyoyin Kano. Idan kowane yaro ya danna lamba ɗaya da ta abokinsa, za a wayi gari duk jitar gari muryarta ɗaya. Dubi Noori na Bur Sudan, wanda ya haɗa wuyan jita da tamburar Beja ya ƙera abin kiɗansa, har kundinsa na 2022 ya zaga duniya. Abin da ya ɗaga shi kunnensa ne da hannunsa. Duk malamin aji ya san haka: kalkuleta tana taimakon yaron da ya iya lissafi, wanda bai iya ba kuwa sai ta ƙara dulmuyar da shi.

Sharaɗi na uku shi ne wanda ya fi damun mu. Tsofaffin amfilifayoyin da suka tsira, a ɗakunan ajiya na kulob-kulob da coci-coci da makarantu da gidajen tsofaffin makaɗa, suna cikin haɗari. Taransfomar da ke cikinsu cike take da jan ƙarfe, 'yan gwangwan kuma kilo suke aunawa, ba ruwansu da tarihi. Tun bayan dokokin Satumba na 1983 da suka rufe wuraren kiɗan dare, da dokar tsarin jama'a da ba a soke ba sai a Nuwamban 2019, kayan nan ke ta ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ginin rediyo da talabijin na Omdurman ma kusan shekara guda ya yi a hannun mayaƙan RSF kafin a karɓe shi a Maris na 2024. Abin da ya rage kaɗan ne, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Muna kira ga Kwalejin Kiɗa da Wasan Kwaikwayo ta Jami'ar Sudan da ƙungiyoyin mawaƙa su yi rajistar waɗannan kaya, su gyara masu gyaruwa, su tanadi ɗaki ko guda ɗaya ne inda matasa za su je su ji kwalba da kunnensu. Sannan a yi amfani da ita kanta fasahar dijital a ɗauki hoton muryar kowanne, a raba wa yara kyauta. Ta haka yaron Mayo ko Ingaz zai riƙe muryar Omdurman a jakarsa maimakon ta wani situdiyo a Landan. Makarantun sana'a kuma su nemo tsofaffin masu gyaran rediyo tun suna raye su koyar. A nan dole mu ja kunne: cikin akwatin nan akwai wuta sama da bolt 400, kuma tana iya zama a ciki ko bayan an zare soket. Kada yaro ya buɗe shi don ya kalli bidiyo a YouTube.

Ga iyaye da yayyen da za su biya, ku tambayi yaron abu uku kafin ku tura kuɗi ta Bankak: zai yi aiki da sola? Zai yi aiki ba intanet? In ya lalace wa zai gyara? Wanda ya amsa waɗannan ya san abin da yake yi. Wanda kuma Allah Ya hore masa, yake da wutar da ba ta yanke da ɗaki mai sanyi, ya riƙe mai kwalbarsa ya kula da shi, ya bar ƙofa a buɗe ga na baya. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar wa kowa da alherin abin da ya rasa.