Zauren Zango: Rikicin Itace Da Wayar Lantarki

A watan jiya, kwana uku bayan guguwar farkon damina, muka wayi gari a zangonmu muka tarar da ma'aikatan lantarki a bakin babbar hanya, da adduna da zarto mai inji. Kafin a kira azahar sun gama da itatuwan dalbejiya guda bakwai, waɗanda wasu ke kira dogon yaro, tun daga ƙofar masallacin Juma'a har zuwa tasha. Sun sare kawunansu ƙaf, sun bar kututture a tsaye. A ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu ne Malam yake karantar da yara allo shekara da shekaru, a ƙarƙashin wani kuma akwai mai koko da ƙosai, da tsofaffin da ke zaman hira bayan la'asar. Rai ya ɓaci ƙwarai, har wasu samari suka so tare motar, sai da Sarkin Zango ya fito da kansa ya ba da haƙuri.

Mu ma ranmu ya ɓaci, ba za mu ɓoye ba. Amma da muka zauna muka yi tunani sai muka ga cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Reshen ɗaya daga cikin itatuwan nan ne ya karye a daren guguwar ya tsinke waya, garin ya kwana uku a duhu. Kifin da mata suka ajiye a firji ya lalace, mai injin niƙa ya rufe shago, kuma wayar da ta tsinke ta kwana a ƙasa a hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. Allah ne kawai Ya tsare. To, shekara nawa muka yi muna kallon rassan nan suna gogar waya ba wanda ya ce uffan?

Asalin rikicin ya girmi da yawa daga cikinmu. An gama madatsar ruwa ta Akosombo tun 1965, amma ƙananan garuruwan Ghana da yawa ba su ga wuta ba sai bayan 1989, lokacin da gwamnati ta ƙaddamar da shirin kai lantarki ko'ina a ƙasa cikin shekara 30. A ƙarƙashin wannan shiri akwai tsarin taimakon kai da kai, inda garin da bai wuce kilomita 20 daga babban layi ba zai haɗa kuɗi ya sayi turakun cikin gari, gwamnati kuma ta kawo waya da taransifoma. Iyayenmu sun yi karo-karo da murna. Sai dai itatuwan sun riga wuta zuwa. Da masu aiki suka zo, gefen hanya suka bi, domin nan ne wurin da ba sai an rushe gidan kowa ba, kuma nan ɗin ne ainihin inda aka jera maɗaci da dalbejiya da mangwaro tun zamanin da.

Lissafin ba shi da wuya. Turken lantarki na cikin gari bai cika wuce mita 8 zuwa 11 ba, kuma wani sashe nasa yana binne a ƙasa. Dalbejiya kuwa tana kai mita 15 zuwa 20, maɗaci har yana iya kai 30. Duk wanda ya dasa irin waɗannan a ƙarƙashin waya ya riga ya yanke masu hukuncin sara, ko da bai sani ba.

Ya kamata kuma mu san abin da ke yawo a saman kanmu. Wutar da ke shiga ɗakunanmu ƙarfinta wajen bolt 230 ne, kuma ita ma tana kisa. Wayoyi ukun nan da ke can ƙololuwar wasu turaku kuwa suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, kuma galibinsu tsirara suke, ba roba a jikinsu. Ɗanyen reshe, balle wanda ruwa ya jiƙa, yana ɗaukar wuta. Mai ƙarfin nan ma ba sai an taɓa ta ba, tana iya tsallakowa idan aka matsa kusa. Saboda haka muna roƙon iyaye da su hana yara hawan mangwaron da ke kusa da waya, ko zungurarsa da doguwar sanda. Kada kuma wani ya ce zai hau da adda ya gyara da kansa don neman lada. Idan aka ga waya a ƙasa, a tsaya nesa da ita kamar taku goma sha biyar, a hana kowa wucewa, a aika a gaya wa masu wuta. Wanda wuta ta kama ba a cafko shi da hannu.

Mun yarda dole a rage rassa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne irin saran da aka yi. Duk manomi ya san cewa idan aka sare kan dalbejiya ba mutuwa take yi ba, tofo take yi da tsirrai masu yawa, dukkansu su miƙe sama da sauri. Nan da damina biyu za su sake isa waya, kuma da yake a bakin sara suka fito, ba su da ƙarfin kama jikin uwar, iska kaɗan ta ɓalle su. Wurin saran kuma ya zauna a buɗe, ruwa ya shiga, gara ta bi. Ka ga an rasa inuwa, haɗarin kuma yana nan dawowa.

Masu sanin aikin itace suna da wata hanya. Ana zaɓen rassan da suka nufi waya ne kaɗai, a cire kowane a gindinsa inda ya haɗu da babban reshe, a bar waɗanda suka karkata wajen gidaje ko hanya, don itacen ya ci gaba da girma ta can. Reshe mai nauyi ana fara yanka shi ta ƙasa kafin a yanka ta sama, don kada ya faɗi ya yage ɓawon uwar. Ba a kuma cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen itace a lokaci guda. Wannan aiki ya fi cin lokaci, amma ba a maimaita shi kowace shekara.

Babban gyara kuwa yana wurin dashe. A ranar 11 ga Yuni, 2021, gwamnati ta kira 'yan ƙasa su dasa itatuwa miliyan 5 a rana ɗaya, mu ma mun fita mun karɓi namu. Ku zagaya ku duba inda muka sa su. Da yawa suna daidai ƙarƙashin waya, domin nan ne fili ya rage. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗanda ba su yi nisa ba a cire su a canza masu wuri tun yanzu. Ƙarƙashin waya sai gajeru irin su lemo da gwaiba da lalle. Manya irin su maɗaci da mangwaro a kai su ɗaya gefen hanyar da ba waya, ko filin makaranta, ko filin Idi, ko maƙabarta.

Nan ne maganar tsarin gari ta shigo. Tun 1988 aka kafa majalisun gundumomi, kuma dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016 ta tanadi kwamitin tsara gari a kowace gunduma. A can ake yanke inda hanya za ta bi, da faɗinta, da filin da za a bari. Mu mutanen zango mun saba jin labari bayan an gama. Sababbin unguwanni suna tashi a bayan gari, ana yanka filaye ƙofa a ƙofa, ba a bar wa turke wuri ba balle itace. 'Ya'yanmu za su gaji rikicin da muke ciki yau.

Ga shawararmu. Sarkin Zango da limamai da wakilinmu na majalisar gunduma su kafa ɗan kwamiti, a sa mata masu sana'a a bakin hanya a ciki, domin su ne suka fi kowa sanin darajar inuwa. Kowace shekara a watan Janairu ko Fabrairu, kafin iskar damina, kwamitin ya zagaya ya ƙirga itatuwan da suka kusa waya, ya rubuta wa ofishin lantarki takarda, a sa rana, a sanar a masallaci. Ranar aiki su kashe wuta su yi saran, samarinmu su kwashe rassa. Inda itacen ya tsufa kuma jama'a na taruwa a gindinsa, a nemi a sa waya mai rigar roba a wannan ɗan tsakanin, ko a gusar da turke, ko da za mu yi karo-karo kamar yadda iyayenmu suka yi.

A yanzu Malam ya mayar da yara zauren wani bawan Allah, mai koko kuma ta kafa rumfar buhu. Kututturan nan bakwai sun fara tofo. Idan aka samu mai sani ya rage tsirran, ya bar biyu ko uku masu kallon nesa da waya, za su iya sake ba mu inuwa. Wannan shi ne aikin farko da muke so kwamitin ya fara da shi.

Allah Ya kare mu daga haɗarin wuta, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.