Sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi: A dakata kafin a sake tura kuɗi Kano

Tun da darajar naira ta faɗi bayan an sake ta a watan Yunin 2023, kwamfutar tebur sabuwa fil a kwali ta fi ƙarfin aljihun matasa da dama. A Kalgo, inda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ke tara ɗalibai tun bayan kafa ta a 2013, da kuma Gwandu, mai son buɗe shagon buga takardu ko gyaran bidiyon biki yakan zaɓi ya sayi kayan ɗai-ɗai ya haɗa da hannunsa. Madabod da furosesa daga Kano, ram daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja, akwati kuwa na gwanjo daga Birnin Kebbi.

Dabara ce mai kyau, har zuwa ranar da aka gama ɗaure noti na ƙarshe aka danna maɓalli. Fanka ta juya, fitila ta kama, amma monita baƙi ƙirin. Wani lokacin ma ko motsi babu. Abin da ke fara zuwa bakin mai kaya shi ne an cuce shi. Idan ya kai wa mai gyara, amsar da ya fi ji ita ce: "Yallaɓai, ai madabod ɗin ne ya ƙone, sai an sayo wani."

Wannan hukunci na gaggawa shi ne babbar asarar, ba ƙin tashin kwamfutar ba. Mutumin Kano idan ya yi zargin kaya, zai hau A Daidaita Sahu ya koma titin Beirut ko Farm Centre a gwada a gabansa. Na Gwandu kuwa sai ya kai tasha, ya biya direba, ya jira kwanaki, ƙarshe mai shago ya ce shi lafiya lau ya ba da kayansa. Duk canjin da aka yi bisa zato kuɗi ne da lokaci, alhali sau da yawa matsalar ba ta wuce wayar da aka manta ba a soka ba.

Kwamfuta ba ta yin shiru haka kawai. Da an kunna ta, kafin ta nemi Windows, wata ƙaramar manhaja da ke cikin madabod, wadda ake kira BIOS, tana bin kayan ɗaya bayan ɗaya: furosesa, sai ram, sai abin da ke fitar da hoto, sannan faifan ajiya. Madabod da yawa na zamani suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe, an rubuta musu CPU da DRAM da VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne, nan binciken ya maƙale. Tsofaffin kuma ƙara suke yi idan an sa musu ɗan lasifika, kuma littafin da ke cikin kwali ya bayyana ma'anar kowace ƙara. Littafin nan dai shi ake fara jefarwa tare da leda.

A wannan yanki, wuta ce ya kamata a fara tuhuma. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Tsofaffin akwatunan gwanjo da suka fito daga Amurka sukan zo da fawa saflai mai wani jan maɓalli a baya, ɓangare ɗaya 115, ɗaya 230. Wanda ya jona shi yana kan 115, ƙara ɗaya zai ji da warin ƙuna, wani lokacin har ya tafi da madabod. Duba maɓallin nan bai kai daƙiƙa biyar ba. Sai kuma wayoyin da ke shiga madabod, waɗanda guda biyu ne: babba mai rami 24 da kowa ke gani, da ƙarama mai rami takwas ko huɗu can sama kusa da furosesa. Idan aka manta ƙaramar, fanka kan iya juyawa amma hoto ba zai fito ba.

Akwai kuma ɗabi'ar kashe kuɗi a kan furosesa mai tsada, sannan a nemi fawa saflai mafi araha a kasuwa. Araha ba ta ado. A garin da wutar NEPA kan zo da rauni, ko ake dogaro da ƙaramin janareto da ke hawa da sauka, na'urar da ke tace wuta ba wurin tsumulmula ba ce. Kwamfutar da ke tashi ta mutu, ta sake tashi ta mutu, a fara gwada ta a kan inbata ko sitabilaiza mai kyau kafin a zargi wani abu.

Bayan wuta sai ram, wanda ya fi kowa yawan laifi. Yana buƙatar a danna shi da ƙarfi har maƙallan su rufe da kansu, sabon shiga kuwa tsoron karyawa yake yi sai ya bar shi rabi. Idan ramukan huɗu ne kuma ram biyu ne, yawanci rami na biyu da na huɗu ake so, a ƙirga daga wajen furosesa. A cire duka, a sa guda ɗaya, a gwada. Ram ɗin gwanjo da ya sha ƙurar hunturu a shago yana son a goge bakinsa na zinare a hankali. Wanda ya sayi DDR5 kuma ya sani cewa tashin farko kan ɗauki mintuna da monita a baƙi, saboda madabod na daidaita kansa da shi. Mai gajen haƙuri da ya kashe ya kunna, ya mayar da aikin farko ke nan.

Batun hoto ya fi ban haushi saboda sauƙinsa. Furosesar Intel da ke da harafin F a ƙarshen lambarta ba ta fitar da hoto da kanta, haka ma yawancin Ryzen na kafin jerin 7000 waɗanda ba su da harafin G. Duk wanda ya soka wayar monita a bayan madabod da irin waɗannan ba zai ga komai ba, ko da komai lafiya yake. Dole sai da katin hoto, kuma a jikinsa ake soka wayar.

Idan duk an bi waɗannan ba a dace ba, sai a fito da madabod daga akwati a ɗora shi a kan kwalinsa, da furosesa da fankarta da ram ɗaya kawai. A tayar da shi ta hanyar taɓa ƙusoshin maɓallin kunnawa guda biyu da bakin sukudireba. Idan ya tashi a waje, to wani ƙarfe ne a cikin akwatin ke taɓa bayansa. A kuma cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintuna don BIOS ya koma yadda ya fito daga kamfani. Sharaɗin shi ne a canza abu ɗaya a gwada, ba uku a lokaci guda ba.

Gaskiya ne wani lokacin kayan ne ba su jitu ba. Madabod B450 da ya daɗe a shago ba zai gane Ryzen 5000 ba sai an sabunta masa BIOS, tambayar da ya kamata a yi wa mai shago tun kafin a tura kuɗi. Sabuntawar kuma kada a yi ta a kan wutar da ba a amince da ita ba, domin ɗaukewarta a tsakiyar aiki na iya kashe madabod ɗin. Akwai kuma kayan gwanjo da suka zo a mace, ko ƙusoshin ramin furosesa da suka lanƙwashe. Amma wanda ya bi matakan nan yana da hujjar da zai riƙe: zai iya cewa fitilar DRAM ce ta ƙi mutuwa da ram uku daban-daban, maimakon "kayanka ba ya yi".

Ba duka laifin masu gyara ba ne. Da yawansu a waya da laftof suka ƙware, kuma ba su da kayan gwaji a ajiye, sai su faɗi abin da ya fi saurin raba su da mai kaya. Fawa saflai ɗaya mai lafiya, ram ɗaya na DDR4 da ƙaramin katin hoto sun isa a tantance yawancin irin waɗannan matsaloli. Masu shagunan kwamfuta a Gwandu za su iya haɗa kuɗi su ajiye su a wuri ɗaya, haka ma ɗaliban sashen kwamfuta a Kalgo. Masu saye daga nesa kuma su daina karɓar hoton kwali: kafin kaya ya shiga mota, mai shago ya haɗa madabod da furosesa da ram a kan teburinsa, ya turo bidiyon BIOS a kan monita ta WhatsApp, da lambar kayan a fili.