Motar lantarki: a sauya batir ko a sayi sabuwa?

Motocin lantarki na farko da suka yaɗu a kasuwannin duniya sun haura shekara 10 a kan titi, kuma masu su a Turai da Amurka da Japan na fuskantar tambaya guda: a saka wa tsohuwar mota sabon batir, ko a rabu da ita a sayi wata? Amsar ta shafi ƙasashe irin Nijar, domin motar da aka gaji da ita a can sau da yawa a Afirka take ƙarewa.

Nissan Leaf, wadda ta fito a Disamban 2010, ita ce misali mafi bayyana. Batirinta na farko mai kilowat-awa 24 na kai ta kilomita 117 a caji ɗaya bisa ma'aunin Amurka, wato ko tana sabuwa ba za ta kai Dosso daga Yamai ba. Da batirin ya tsufa, tafiyar sai ta ƙara raguwa, alhali injin da gangar jikin suna nan garau.

Masu goyon bayan sauyi na da hujja. Alƙaluman BloombergNEF sun nuna farashin batir ya faɗo daga sama da dala 1,000 kan kowane kilowat-awa a 2010 zuwa dala 115 a 2024. A 2014 Nissan ya fara sayar da batirin sauyi a Amurka kan dala 5,499, da sharaɗin a mayar masa da tsohon. A 2017 Renault ya ba masu Zoe da ke hayar batir damar hawa daga kilowat-awa 22 zuwa 41 kan yuro 3,500, kimanin miliyan 2 da jika 300 na kuɗin CFA. Akwai kuma garaji masu zaman kansu da ke ciro batir mai kilowat-awa 40 daga motocin da suka yi hatsari su ɗora wa tsohuwar Leaf, abin da ke kusan ninka tafiyarta.

Sai dai farashin da ya faɗi na masana'antu ne masu sayen dubbai. Mai mota guda yana biyan kuɗin ɗauko kaya da na aiki, kuma jimillar kan kai darajar motar kanta ko ta zarce. Sabon batir kuma ba ya gyara abin da aka ƙera da shi. Tsohuwar Leaf na amfani da bakin caji na CHAdeMO, wanda tashoshin Turai ke barinsa suna komawa CCS. Sannan batirinta ba shi da na'urar sanyaya ta ruwa. Tun 2012 masu motar a Phoenix ta jihar Arizona suka koka cewa zafi na cinye ƙarfin batirinsu da wuri. Sai a sabon samfurin da ya gabatar a 2025 Nissan ya saka wa Leaf sanyaya ta ruwa.

A nan ne maganar ta iso gida. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta fi karɓa. Baturen da ya zaɓi sayen sabuwa, tsohuwarsa na iya bin jirgin ruwa zuwa Lome da gajiyayyen batirinta. A Maradi ko Damagaram ko Tahoua, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, irin wannan batir zai fi saurin lalacewa. Garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 da yawancin kamfanoni ke bayarwa kuwa ya ƙare ko yana dab da ƙarewa kafin motar ta iso.

Don haka sauya batir na da riba ne idan gangar jikin lafiya take, kuɗin sauyin bai kai darajar motar ba, kuma akwai makaniken da ya san aikin tare da garanti a rubuce. In ɗaya ya rasa, sayen wata ya fi.

Ga mai saye a Nijar, lafiyar batir ce ainihin farashin motar. Allon tsohuwar Leaf na nuna ta da sanduna 12, kuma Nissan da kansa na ɗaukar abin da ya gaza 9 a matsayin batirin da ya cancanci gyara. Muddin hukumomin duwan da na sufuri ba su wajabta wa masu shigo da motoci nuna takardar gwajin batir ba, mai saye ne zai biya kuɗin sauyin da Bature ya ƙi biya.