Gudun a-mutu ba tirenin ba ne

Jama'a, musamman ƴan'uwana ɗalibai masu fita gudun safe daga Hammadu Kafi, da na GSU da na FCE, yau da ku nake. Wai waye ya gaya muku in mutum bai yi amai ba bai yi tirenin ba?

Na san tsarinku. Mutum ya kwashe kwana shida daga lakca sai katifa, ranar Asabar bayan asuba ya fito ya zura da gudu kamar an biyo shi da adda. Minti goma ya dafe ciki, ya zauna a bakin kwalbati, ya ɗauki hoto ya sa a status. Sai kuma wata Asabar, in ƙwauri ya bari. A haka kuke yi wa masu tafiya a hankali dariya, wai gudun tsofaffi muke yi. To madalla. Mu da kuke wa dariyar muna cinye kilomita goma mu dawo da ƙafarmu, mu shiga lakcar ƙarfe takwas.

Ku dubi waɗanda gudu ne sana'arsu. Eliud Kipchoge ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana ranar 12 ga Oktoba, 2019. Wannan mutumin, mafi yawan gudun da yake yi a mako sassauƙa ne, yana yi yana hira da abokan tireninsa. Mai bincike Stephen Seiler ya bibiyi manyan ƴan tseren nesa, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yi, ragowar ne mai zafi. Kai kuma ɗan aji biyu ka fi su sani ko?

Dalilin ba boyayye ba ne. Gudu mai sauƙi, in an daɗe ana yi, shi ke sa zuciya ta riƙa tura jini da yawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini su ƙaru a cikin tsoka. Juriya ke nan. Sannan huhu da zuciya sun fi ƙashi da jijiya saurin sabawa, shi ya sa za ka ji numfashinka ya gyaru amma ƙwauri da gwiwa suna kuka. Ma'aunin kuma ba ya buƙatar agogon dubu hamsin: in ba za ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba, ka yi sauri, rage. Fita uku ko huɗu a mako, minti talatin zuwa arba'in, ɗaya ta ɗan fi sauran tsawo. Ƙari kaɗan-kaɗan.

Za ku ce to saurin fa? Yana da ranarsa, sau ɗaya a mako ya isa. Ka ɗumama jiki minti goma, ka tsaga tsawon filin ƙwallo da ƙarfi, ka dawo da tafiya, sau shida ko takwas. In ka samu hawa, ya fi. Washegari ka huta, domin a hutun ne jiki ke ginuwa.

Abin da ya fi ƙona min rai masu ɗaura leda a ciki su ɗora rigar sanyi, wai tumbi suke narkarwa. A Gombe! Cikin zafin Maris da Afrilu! Malam, gumi ruwa ne da gishiri, kitse bai bi ta nan ba. Kana shan ruwa nauyin ya dawo, ƙodarka ce kawai ta sha wahala.

Sai masu haɗiyar tiramol kafin su fita, musamman in an ce an buɗe ɗaukar soja ko ɗan sanda, saura sati biyu sikirinin. Ƙwayar nan ba ta ƙara wa huhu komai. Ciwo take rufewa, kai kuma ka ci gaba da taka ƙafar da ke gaya maka ka tsaya. Tana iya jawo jijjiga kamar farfaɗiya, ga kamu. Hukumar WADA ma ta haramta ta a gasa tun Janairun 2024. In kana da niyyar kaki, wata uku kafin lokacin ya kamata ka fara, da gudun tsofaffin nan da kake rainawa.

Kuma don Allah a bar ƴan mata masu fitowa da hijabinsu su motsa jiki lafiya. Ihu da fito ba ɗabi'ar mai neman ilimi ba ce.

Wanda bai yarda ba, Asabar bayan asuba muna nan. Sharaɗi ɗaya: awa guda ba tsayawa, kuma muna tafe muna hira.