A Koya wa Malaman Gobe Yadda Ake Koyar da Waƙa

Tun a shekarar 2007 aka haɗe kiɗa da waƙa da zane da wasan kwaikwayo suka zama darasi guda a manhajar makarantun firamare na ƙasar nan, watau darasin al'adu da fasaha. A takarda abin ya yi kyau. Amma duk wanda ya leƙa makarantunmu ya san abin da yakan faru idan lokacin darasin ya yi. Malam ya rubuta sunayen kayan kiɗa a allo, yara su kwafa, a buga ƙararrawa. Sai yaro ya gama aji shida ya iya rubuta kalangu da algaita, alhali ba a taɓa sa shi ya rera baiti ɗaya daidai ba.

Mu dai a ganinmu tushen matsalar yana kwalejojin horar da malamai. Takardar N.C.E. ita ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa a Nijeriya, kuma Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara abin da za a koya kafin a same ta. To, malamin ƙananan azuzuwa galibi shi kaɗai ne ke riƙe da ajinsa, shi ne na lissafi, shi ne na karatu, shi ne kuma na waƙa. Idan bai sami wannan horo a kwaleji ba, a ina zai same shi?

Koyar da waƙa ga yara aiki ne mai ƙa'idoji. Dole malami ya san inda zai ɗauko murya, domin muryar babban mutum ta yi wa maƙogwaron ɗan shekara bakwai ƙasa da yawa. Dole ya iya bayar da waƙa layi-layi yara suna amsawa, ya sa su riƙe kari da tafi kafin a taɓa ganga. Har wa yau, Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan hawaye da kukar miya, hawa da saukar murya ne kawai ya raba su. Saboda haka malamin da ya ɗora kalmomin Hausa a kan karin waƙar Turawa ba tare da lura ba, yana iya juya ma'ana yara su haddace ta a karkace. Waɗannan abubuwa ba a koyonsu daga littafi, sai ɗalibi ya tsaya gaban yara ya gwada, malaminsa yana gyara masa.

Kada a ce babu kuɗin kayan kiɗa. Zoltan Kodaly na ƙasar Hungari, wanda ya rasu a 1967, ya gina tsarinsa da ya shahara a duniya bisa muryar yaro da waƙoƙin gargajiyar ƙasarsu. Mu kuwa ga waƙoƙin gaɗa, ga na tashe, ga na reno, ga ƙwarya da shantu waɗanda ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba.

Mun san akwai iyaye, har da waɗansu ɗalibai, da ke ganin kiɗa sana'ar roƙo ce, waɗansu kuma suna tsoron abin da zai taɓa tarbiyya. Damuwarsu abar saurare ce, kuma ita ce ma ta sa ake bukatar malami horarre wanda ya san waƙar da ta dace da aji. Ai Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta ilmantar da matan karkara ta hannun jajinta. Alhaji Mamman Shata kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Don haka muna kira ga shugabannin kwalejojin ilmi na jihohin Arewa da su tabbata duk ɗalibin sashen ilmin firamare ya koyar da darasin waƙa a gaban mai duba shi lokacin gwajin koyarwa, a ba shi maki kamar yadda ake yi a lissafi. Su kuma gayyato tsofaffin makaɗa da mata masu waƙoƙin yara su shiga aji su nuna, a biya su haƙƙinsu, a ɗauki waƙoƙin a ajiye a ɗakin karatu na kwaleji.