Kafin kuɗin ya isa hannun Inna

Ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo, don maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Makon jiya muna hira a ofis, na yi ƙorafi kan kuɗin da ake yanka duk lokacin da mutum ya yi tiransifa. Wani abokin aikina ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, duk a kan naira hamsin? Kuɗin ruwan leda fa ke nan." Ban tanka masa ba a lokacin. To ga amsata, kuma na san zai karanta.

Innata tana ƙauyenmu a ƙasar Ɗambatta. Duk wanda ya san yankinmu, daga Minjibir zuwa Makoɗa har Kunchi da Bichi, ya san yadda gonakinmu suke. Gado ya rarraba su har wata ba ta fi filin ƙwallo ba, kuma ba a barin gona ta huta, kowace damina sai an noma ta. In babu taki, babu amfani. Saboda haka da zarar ruwa ya sauka, wayar duk wani ɗan ƙauye da ke aiki a birni ba ta hutawa: kuɗin taki, kuɗin 'yan ƙwadago, kuɗin maimai.

A daminar nan na tura wa Inna naira 20,000 don a biya masu noma. Ba ta da asusun banki, don haka mai POS na turawa, ɗan yayana ya je ya karɓo. Ga lissafin, na rubuta shi a takarda:

Kuɗin tiransifa, naira 25, da harajin VAT a kai, ya zama 26.88.
Harajin gwamnati na tura kuɗi, naira 50.
Ranar babu data, da lambobin nan na USSD na tura, naira 6.98.
Saƙon alat, naira 6.
Mai POS ya cire nasa, naira 400.
Ɗan acaɓa zuwa da dawowa, don babu POS a ƙauyenmu sai garin da ke gaba, naira 600.

Jimla kusan naira 1,090. Wato sama da kashi 5 cikin 100 na kuɗin ya zube a hanya, tsakanin Kano da garin da bai kai tafiyar awa biyu a mota ba. Zakkar kuɗi ɗaya bisa arba'in ce, sau ɗaya a shekara, kuma daga hannun mai hali ake karɓa. Wannan ya ninka ta, ana karɓar sa kowane wata, daga kuɗin tsohuwar da ke neman a nome mata gero. Yanzu abokina, har yanzu ruwan leda ne?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka tsara cajin. Naira 50 ɗin nan ba ta duba girman kuɗi. Wanda ya tura 10,000 zai biya 50. Wanda ya tura miliyan 10 shi ma 50 zai biya. A wajen na farko rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, a wajen na biyu ko ƙura ba ta kai ba. Talaka kuma ba ya tura kuɗi a dunƙule. Yau dubu goma na magani, jibi dubu sha biyu na taki, mako mai zuwa dubu goma na makarantar yara. Attajiri ya biya sau ɗaya, shi ya biya sau uku, sau huɗu. Shi ya sa za ka ga dattijo da furfurarsa yana cewa a tura masa 9,900, don kawai ya kauce wa hamsin. Da yayyafi kogi kan cika, kuma kogin nan daga rufin talaka ake tara shi.

Ku dubi yadda abin ya riƙa hawa, ɗaya bayan ɗaya. A Fabrairun 2020 VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5. Dokar kuɗi ta 2020 ta kafa harajin naira 50 a kan duk kuɗin da ya kai 10,000. A Maris ɗin 2021 aka kawo 6.98 na USSD. Mutane suka gudu zuwa su OPay da Moniepoint da PalmPay don samun sauƙi, sai ga shi ranar 1 ga Disambar 2024 gwamnati ta bi su can da harajin hamsin ɗin. Ranar 1 ga Maris 2025 Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya soke cirar kuɗi sau uku kyauta a wata a ATM ɗin bankin da ba naka ba, ya mayar da ita naira 100 a kan kowace 20,000. Wata biyu bayan haka alat ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ɗauke hamsin ɗin daga kan mai karɓa ta ɗora wa mai turawa. Kaya dai yana nan, kafaɗa kawai aka sauya.

Kuma ku lura da wani abu. Lokacin da aka sa iyakar 10,000, mafi ƙarancin albashi 30,000 ne, wato kashi ɗaya bisa uku na albashin wata. Yau mafi ƙarancin albashi 70,000 ne a tarayya, 71,000 a Kano. Komai ya tashi, iyakar tana nan inda take. Kuɗin da a da sai mai ɗan hali ke turawa, yau kuɗin cefane ne. Ba a canza ko harafi ɗaya ba, amma tsadar rayuwa ta tura miliyoyin talakawa cikin komar.

Na san da yawanku za ku ce masu POS ne azzalumai. Akwai marasa tsoron Allah a cikinsu, ba na musu, duk mun ga abin da wasu suka yi a farkon 2023. Amma na zauna da yaron da nake turawa, ya buɗe mini littafinsa. Kamfanin na'urar yana yankar nasa a kowace cira. Tsabar kuɗin ma ba a banki yake samu ba, sau da yawa a wajen 'yan kasuwa da gidajen mai yake karɓowa, wani lokaci sai ya ɗora musu wani abu. Ya sayi data, ya biya cajin waya da na na'ura don babu wuta, ya hau babur da kuɗin mutane a jaka yana addu'a. In aka yi masa alat na bogi, asararsa ce shi kaɗai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Yaron nan ya zama banki a inda banki ya ƙi zuwa. Zaginsa kawai, barin jaki ne a doki taiki.

Kada kuma mu manta yadda aka shigar da mu wannan tsarin. Ba roƙo muka yi ba. A Oktoban 2022 Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin naira, kafin Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwannin ƙauye. Mutanen da ba su taɓa riƙe katin banki ba aka ce su koma tiransifa. Mata suka kai kaji da awaki kasuwa suka dawo da su, ko suka sayar a wulaƙance ga mai kuɗi a hannu. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris 2023. To ka tilasta wa mutum bin hanya ɗaya, sannan ka kafa shingen karɓar kuɗi a kanta, wane suna za a ba wannan?

Da kaka abin ya fi muni. Manomi ya kai buhun riɗi ko wake kasuwa, dillalin da ke saya wa 'yan Dawanau ya ce babu tsaba sai tiransifa. Ya karɓa, don ba shi da zaɓi. Amma mai amalanke, da masu sussuka, da mai shagon da ke bin sa bashin taki, da yawansu kuɗi a hannu suke so. Sai ya koma wajen mai POS ya sayi kuɗinsa da kuɗinsa. In kuma sabis ya yanke, aka cire kuɗin bai shiga ba, shi ke nan. Ya taɓa faruwa da ƙanina, sai da ya yi sawu biyu zuwa birni, ya bar aikin gona, ya ci kuɗin mota, kafin a dawo masa da haƙƙinsa. Babu wanda ya biya shi ko sisi na wahalar. Su in za su cire nasu, ko daƙiƙa ɗaya ba sa makara.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san da haraji ake biyana albashi, don haka ba zan ce kada a karɓi haraji ba. Na kuma yarda na'urori da ma'aikatan banki ba kyauta suke ba. Amma wasu ƙasashen sun zauna sun yi tunani. Indiya ta kafa UPI a 2016, Brazil ta kafa Pix a Nuwamban 2020, kuma a duka biyun mutum yana tura wa ɗan'uwansa kuɗi ba tare da an yanki komai ba. Nan kusa da mu, Ghana ta sa harajin kashi 1.5 a kan tura kuɗi ta waya a 2022, jama'a suka yi ta ƙorafi, aka rage shi zuwa kashi 1, a Afrilun 2025 Shugaba John Mahama ya sa hannu aka soke shi. Mu ma mun gwada mun gani. A Mayun 2024 CBN ya fitar da sanarwar harajin tsaron intanet na kashi 0.5, ƙasa ta ɗauki zafi, cikin makonni biyu aka janye sanarwar. Ashe in an yi magana da murya ɗaya ana ji. Waccan ta taɓa masu manyan kuɗi, shi ya sa ihun ya yi ƙarfi. Hamsin ta talaka ce, shi ya sa aka yi shiru.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A ɗaga iyakar harajin daga 10,000 zuwa aƙalla 50,000. Tura ƙananan kuɗi ya zama kyauta. A tanadar wa masu POS na karkara hanyar samun tsabar kuɗi kai tsaye daga banki, sannan a tsayar musu da farashi. In kuɗin mutum ya maƙale ya wuce wa'adi, a biya shi diyya. Sannan dokar kuɗi ta 2023 ta ware wa jihohi kashi 50 na harajin nan, ƙananan hukumomi kashi 35. Muna da haƙƙin tambayar shugabannin ƙananan hukumominmu nawa ya shigo a shekarun nan, kuma me aka yi da shi.

'Yan majalisarmu na tarayya suna Facebook ɗin nan, da su da mataimakansu. Ku kira sunayensu a ƙasan rubutun nan. Kowa kuma ya buɗe bayanan asusunsa na watan jiya, ya tara duk abin da aka yanka, ya rubuto mana jimlar. Ni nawa na faɗa. Inna ta tambaye ni me ya sa kuɗin masu noma bai cika ba, na rasa abin da zan ce mata, sai na ƙara tura dubu ɗaya. A kanta ma sai da aka yanki naira 10.75.

Allah ya kyauta.