Taron Jama'a Ba Majalisar Alkali Ba Ne

A Amurka akwai wani irin kiɗa na samari da ake kira hip hop, wanda mawaƙi ke jero magana da sauri bisa ganga, kamar mai kirari. Shekara da shekaru mawaƙan wannan kiɗa suna yi wa namiji mai neman maza zambo a cikin waƙoƙinsu. Sai a 2012 wani mawaƙi, Frank Ocean, ya rubuta takarda ya ce wanda ya fara ƙauna a duniya namiji ne. A 2019 kuma Lil Nas X ya bayyana nasa halin, lokacin da waƙarsa Old Town Road ke kan gaba a ƙasar, inda ta yi mako 19 ba a ture ta ba. Wasu suka zage su, amma ba su bar sana'arsu ba.

To, a Nijeriya babu mawaƙin da zai yi haka ya kwana lafiya. Dokar da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2014 ta yanka ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, ga kuma dokokin shari'a na jihohin Arewa. Wannan aikin hukuma ne, tana da alkalai da 'yan sanda. Abin assha shi ne yadda kowane zauna-gari-banza ya mai da kansa alkali. Yaro daga Goronyo ko Rabah ya rera waƙa, ya yi rawa a waya, gashinsa ya saɓa da na tsaransa, sai a ce masa ɗan daudu, gobe a ce abin da ya fi haka muni. Ina shaida? Babu. An ji an ce ne kurum.

'Yan daudu kuwa ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Su ke tuƙa tuwo da suyar kaji a tasha da ranar kasuwa, su ke raya bikin mata da guɗa da habaici. Mutumin da ya cika cikinsa a rumfarsu da azahar, ya ce a ƙara masa miya, shi ne kan fara ɗaukar dutse da la'asar. Haka ake yi wa maroƙa tun dā: a yi wa waƙarsu kari, a hana su auren 'ya.

Masu wannan hali sukan ce kishin addini ne. Wane addini? Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur kuma ta yanka wa mai ƙazafi bulala 80 in bai kawo shaidu huɗu ba. Almajirin da ya yi karatu a Wurno, garin da Sarkin Musulmi Bello yake kwance tun 1837, ya san haka.

A Bauchi, cikin Janairun 2014, an kawo waɗansu mutane gaban alkali bisa tuhumar luwaɗi. Ba a ko gama jin shaidu ba jama'a suka yi wa kotun ruwan duwatsu, har sai da 'yan sanda suka yi harbi sama aka tashi zaman. Alkalin da suke cewa suna kishin shari'arsa, shi ma yana cikin ɗakin da ake jifa.